Ƙarfen Barandar da Ke Cizo

Benen da muka kama haya a Haɗejiya hawa uku ne, mu ne a can ƙoli. A Kano ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi, amma a unguwarmu babu abin da ya kai shi tsawo, ko bishiya ko hasumiyar masallaci. In ka tsaya a barandarmu da damina, idonka zai tsallake kwanon gidajen maƙwabta ya sauka a fadama, shinkafa kore shar har iyakar gani, ruwa yana ƙyalli a tsakaninta. Mai benen, wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi, da wannan yake taƙama. Ranar da ya ba mu makulli sai da ya fito da mu barandar, ya dafa shingen ƙarfen da aka kewaye ta da shi, ya ce duk garin nan ba mai shan iska irin tamu.

Ni malamar firamare ce. Maigidana a Dutse yake aiki, sai Juma'a da yamma yake zuwa, ya koma Litinin da sassafe. Shekarar da kogi ya ɓalle ya ci ƙauyenmu na wajen Guri, ɗakin mahaifiyata ya zube, na je na ɗauko ta da abin da ya rage na kayanta. Inna ba ta taɓa kwana a sama ba. A ƙauye ba ta rasa mai leƙowa, wannan ta zo aron turmi, waccan ta zo da labarin haihuwa. A nan kuwa in na tafi makaranta da yara, ita kaɗai ce da bango huɗu, ga gwiwa ba ta barinta ta sauka. Ba a yi wata guda ba na ga ta fara ramewa. Shi ya sa maigidana ya ce a sa mata dish, wannan farantin da ke kamo tashoshi, ko ta riƙa kallon ɗawafi tana jin tafsiri.

Mai sa dish ɗin magidanci ne, yana da shago kusa da tashar mota. Ya zo da injin huda, ya ɗaure ƙafar dish ɗin a jikin shingen baranda da noti huɗu, ya huda bango ya zura waya zuwa falo, ya haɗa da risiba, ƙaramin akwatin da ke kai hoto talabijin. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Yana juya farantin yana tambayata ko hoto ya fito, ni kuma ina tattara kwali, sai wata takarda ta faɗo. Zane ne a jiki: ga dish, ga wata waya daban ta fito daga ƙafarsa, ta bi bango ta sauka har ta shige cikin ƙasa. Na duba namu, ban ga wannan wayar ba. Na dai ga wani ɗan koren noti a ƙafar, ba abin da aka ɗaura masa.

Na ce, "Malam, wannan wayar da ke cikin zane fa?"

Ko karɓar takardar bai yi ba. Ya leƙo ta daga inda yake, ya yi dariya.

"Malama, wannan na ƙasar Turawa ne. Su komai sai sun rubuta. Daga Kafin Hausa har Kirikasamma ba inda ban sa dish ba, ban taɓa ja wa kowa waya zuwa ƙasa ba. Kuma daga hawa na uku? Wa zai bar ki?"

Na yi shiru. Wannan shirun yana cikin abubuwan da har yau nake jin haushinsu. Karatu nake koyarwa, ga takarda a hannuna, zanen da ɗan aji uku zai gane, amma don namiji mai injin huda ya yi dariya sai na ji kunya, na ninke ta na jefa a durowa.

Inna ta samu abin yi. Da safe ta zauna gaban akwatin talabijin tana bin masu ɗawafi da ido. Da hantsi ta ja jiki zuwa baranda, ta shanya kuɓewa da tattasai a faifai, ta dafa shinge tana kallon fadama, tana magana ita kaɗai a kan gonakin da ruwa ya ci. Bayan kamar mako biyu, na dawo daga makaranta ina cire hijabi, ta ce:

"Ke, ƙarfen nan yana cizo."

"Wane ƙarfe, Inna?"

"Na bakin barandar nan. In na dafa sai in ji kamar cinnaku a tafin hannuna."

Na fita na dafa. Ban ji komai ba. Na shafa shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har na duba ko akwai cinnakun da gaske. Ban lura ba a lokacin cewa ni da takalmin roba nake, hannuna a bushe, ita kuwa ƙafarta ba takalmi, kuma yawanci daga alwala take fitowa. Na ce mata jijiya ce, sanyin damina ne. Da maigidana ya zo na ba shi labari muna dariya, ya sayo mata man zafi. Ta sake faɗa sau biyu ko uku. A na ƙarshe na amsa mata da muryar da nake yi wa 'yan aji ɗaya magana, na ce, "Inna, ƙarfe ba shi da haƙori." Daga ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba. Sai ta samo wani tsohon zane ta yaga, ta naɗe wurin da take dafawa. Ni kuma wata Asabar ina shara na ga tsumman yana reto, ana hangensa daga titi, na ce zai sa a ɗauke mu ƙazamai, na kwance na jefar.

Ni kaina sai da ya cije ni kafin na yarda. Ina goge falo da ruwa, ƙafa ba takalmi, na ɗaga risibar zan goge ƙarƙashinta, yatsana ya taɓa bakin wayar da ta shigo daga dish. Wani abu ya fizge ni har gwiwar hannu. Ba mai yawa ba ne, amma na san wuta ce. Na tsaya da tsumma a hannu ina kallon Inna, ita tana kallon akwati. Daga baya na ce mata ta daina dafa ƙarfen baranda. Ban ce mata gaskiya ta faɗa ba, girman kai bai bar ni ba.

Na kira mai dish a waya. Ya ce wutar gari ce ba ta da kyau, kowa haka yake fama, in riƙa sa takalmi. Na ce ya zo ya duba. Ya ce gobe. Goben nan ta yi mako uku. Na tare Alhaji a bakin ƙofa ranar da ya zo duba tankin ruwa, na gaya masa. Ya ce kwangilar jan wayoyin wutar gidan nan mutanen Kano ya ba, ba irin masu gyaran unguwa ba, in akwai matsala to daga kayanmu ne. Ya shiga mota.

Ranar Talata ce, bayan la'asar, wajen ƙarshen damina. Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda kake ganin tahowarsa tun daga nesa saboda ba tudu ba dutse da zai tare shi. Ina kicin ina tuƙa tuwo, yara suna islamiyya. Na ji iska ta bugo ƙofa, na ji Inna tana cewa kuɓewarta na waje. Na ce, "Bari in zo," amma tuwon ya fara kauri, ban saki muciya ba. Yayyafi ya fara.

Hasken da ƙarar tare suka zo. Ban taɓa jin irinta ba, kamar an fasa dutse a cikin kaina. Muciyar ta faɗi daga hannuna. Da na fito falo hayaƙi ne ke fita daga bayan risiba, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin, akwatin ya mutu. Inna tana kwance a bakin ƙofar baranda, rabin jikinta a ciki rabi a waje, ruwa yana dukan ƙafafunta, kuɓewa ta watse ko'ina. Idonta a buɗe yake. Ina kiranta tana kallon bakina kamar ba ta san yaren ba.

Matar hawa na biyu ce ta taimake ni. Mu biyu muka sauko da ita matakalar nan, ni na riƙe kafaɗu ita ƙafafu, muna zamewa, har muka samu adaidaita sahu a cikin ruwan. A asibiti aka ga tafin hannunta na dama ya ƙone, layi guda daidai faɗin ƙarfen. Ta sunkuya ɗaukar faifai ne, gwiwa ta sa ta dafa shingen. Likita ya ce zuciyarta lafiya, mu gode Allah. Kwana huɗu muka yi. Hannun ya warke da tabo. Kunnen dama bai dawo ba har yau.

Da muka dawo gida masu dubiya suka yi ta hawowa suna haki. Kowa ya zauna sai ya ce ƙaddara ce, in ce haka ne. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musu ba. Amma ina amsawa ina tuna koren notin nan. Abin da ya fi ƙona mini rai, wata maƙwabciya ta rage murya a kan matakala, tana zaton ba na ji, ta ce wa abokiyar tafiyarta aradu ba ta faɗa wa mutum haka kawai, a bincika ko tsohuwar ta taɓa rantsuwa a kan ƙarya. Matar da ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba. Na buɗe ƙofa na tsaya ina kallonta har ta sauka. 

Mai dish shi ma ya zo, bayan kwana biyu da sallamarmu. Ya yi jaje, ya leƙa baranda ya ce farantin bai yi komai ba, ɗan kan da ke gabansa ne kawai ya ƙone. Sannan ya ce, "Akwai sabuwar risiba da ta shigo, Malama, ta fi waccan kama tashoshi. In kawo?"

Na shiga ɗaki na buɗe durowa, na ɗauko takardar, na miƙa masa.

"Duba wannan."

"Malama, ai na gaya miki..."

"Ka gaya mini na Turawa ne. Shiga ka dubi hannun uwata, ka gaya mini ko hannun Baturiya ne."

Ya ce ba shi ya saukar da tsawa ba. Na ce na sani. Amma shi ya ɗaure ƙarfe a wurin da ya fi ko'ina tsawo a unguwa, ya zuro wayarsa har cikin falona, na tambaye shi ya yi mini dariya, na kira shi ya ce in sa takalmi. Na ce ya tuna gidajen da ya yi wa haka, tunda da bakinsa ya yi alfahari da su. Ya ajiye takardar a hannun kujera, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. 

Wata abokiyar aikina ce ta turo mini mahaifinta. Dattijo ne, ya yi shekaru yana kula da wutar injinan ban ruwa kafin ya yi ritaya. Ya hau benen a hankali, yana hutawa a kowane hawa, riƙe da wata tsohuwar jakar fata. Bai taɓa komai ba sai da ya gaida Inna, ya zauna ta gefen kunnenta mai ji, ya ce ta ba shi labarin cizon nan tun daga farko. Ta dube ni tukuna, sannan ta fara. Ya tambaye ta ko in hannunta da lema ya fi yi, ta ce eh. Ya tambaye ta in an ɗauke wuta yana yi, ta ce ba ya yi. Ni ban taɓa yi mata ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba.

Ya ce, "To Hajiya, ke kika fi kowa sanin gidan nan."

Ya kashe wutar ɓangarenmu, ya kwance soket ɗin falo ya nuna mini. Rami uku ne a fuska, amma a baya waya biyu ce. Ramin sama, wanda ya ce shi ne na atin, wato hanyar da wutar da ta ɓata take bi ta koma cikin ƙasa, ba komai a jikinsa. Ya kwance na kicin, haka. Muka sauka ƙasa inda babban akwatin wutar benen yake. A nan akwai koriyar waya mai kauri, ta fito ta shige bango, kyakkyawa da ita. Ya kama ta da filaya ya ja a hankali. Ta biyo shi. Tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. An yanke ta ne an cusa a rami an shafe da siminti, don duk wanda ya duba ya ga kamar ta tafi ƙasa.

Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa. Sannan ya ce, "'Yata, bene hawa uku, ba shi da hanyar ƙasa ko ɗaya."

Ya yi mini bayani a tsaye a wurin, bai sa na ji kamar jahila ba. Cizon da Inna take ji ɗigon wuta ne daga risiba, yana bin waya ya hau farantin ya shiga shingen, ya rasa inda zai sauka sai ta jikin wanda ya dafa. Ranar hadarin kuma, a ganinsa, tsawar ba a kan dish ɗin ta faɗo ba, da ba mu same ta da rai ba. Ya ja ni waje ya nuna mini ƙarfen tankin ruwa na kan rufi, inda ya yi baƙi. Abin da ya fantsamo daga can ne ya bi ƙarfe yana neman ƙasa. Na tambaye shi, da an ja wayar nan, da abin bai faru ba? Ya ce shi ba zai rantse ba. Ko da waya, in hadari ya taso a cire fulogi, a bar baranda. Amma da akwai ta, da mafi yawan wutar ta samu hanyar da ta fi jikin mutum sauƙi, cizon nan kuwa da ba a taɓa jin sa ba.

Ya faɗi abin da za a yi. Za a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, a ja waya mai kauri daga ƙafar dish da shingen, ta sauka miƙe ba naɗi. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake sa wa wayar dish kafin ta shiga ɗaki, shi ma a haɗa shi da ita, sannan a haɗe duka da akwatin wutar gidan, ya zama hanya ɗaya ce. Na ce ba za a ɗaura a bututun ruwa ba, ga shi nan kusa? Ya ƙwanƙwasa shi da filaya. Roba ce.

Saura izinin Alhaji. Ranar Asabar muka same shi a rumfarsa ta kasuwa, ni da maigidana, yana zaune tsakanin buhunan shinkafa. Maigidana mutum ne mai sanyi, ya fara da doguwar gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso ga maganar. Alhaji ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ya kiyaye gaba. Amma maganar fasa simintin tsakar gida ba ta taso ba, bara aka zuba shi. Waya kuma a jikin bango daga sama har ƙasa, bayan fentin da ya sha, sai gidan ya koma kamar shagon masu cajin waya.

Na buɗe jaka na ɗora guntuwar koriyar wayar a kan buhun da ke gabansa.

"Alhaji, ga aikin mutanen Kano."

Ya dube ta, bai taɓa ba. Bai kuma dube ni ba. Ya juya wajen maigidana ya ce, "Malam, ka yi wa iyalinka magana. Ni da kai na yi maganar haya."

Na ce, "Shi yana Dutse ranar. Ni na ɗaga uwata daga ƙasa."

"In gidan bai yi muku ba, akwai masu nema."

Maigidana ya taɓa gefen hijabina, muka fito. A hanya ya ce in yi haƙuri, za mu nemi wani gida. Na ce mu tashi, wata ta shigo da 'ya'yanta ta dafa ƙarfen? Ban ƙara yi masa magana ba har muka iso.

Washegari na sauka wajen matar hawa na biyu, wadda ta taya ni ɗaukar Inna, na ba ta labarin guntuwar wayar. Ta ja ni kicin ta nuna mini firjinta. An ɗaura tawul a mariƙinsa. Ta ce shekara biyu ke nan ba ta buɗe shi sai da tawul, mijinta ya ce tsoro ne irin na mata. Matar hawan ƙasa kuma ta ce in injin tura ruwa yana aiki ba ta yarda yaranta su taɓa famfon tsakar gida, kuma ta gaya wa Alhaji tun shigowarsu, ya ce zai turo a duba. Ashe duk matan benen nan mun sani. Kowacce ta faɗa, an ba ta amsar da ta sa ta yi shiru, ta koma ta nemi tsumma.

Mu uku muka je wajen mai unguwa, dattijon yana biye da mu da jakarsa. Mai unguwa bai so shiga maganar ba da farko, don shi da Alhaji sahu ɗaya suke sallah. Dattijon ya ce ba ƙara muka kawo ba, ya zo kawai ya gani da idonsa. A tsakar gida aka kunna injin, dattijon ya ɗora testa, abin gwada wuta, a kan famfo, 'yar fitilar jikinta ta kama ja. Muka hau kicin ɗin hawa na biyu, ya ɗora a jikin firjin, ta kama. Mai unguwa ya ja da baya, ya dubi ƙafarsa, don ya cire takalmi a bakin ƙofa. A nan tsaye ya kira Alhaji a waya. Ban ji abin da ake cewa daga can ba, na dai ji mai unguwa yana cewa, "In rai ya salwanta a gidan nan bayan na gani da idona, me zan ce?" Sau biyu ya faɗa.

Alhaji ya yarda da sharaɗi. A bi ta lungun gefe inda ba a gani daga titi, kada a taɓa simintinsa, kuma ba ruwansa da aikin. Mu masu haya muka ɗauki nauyin gyara abin da shi ya kamata ya yi tun ana gini. Bai zo ba, bai aiko ba, bai taɓa hawowa ya ga hannun Inna ba.

Kwana uku aka yi ana aikin. Maigidana ya ɗauki hutu, shi da mijin matar hawa na biyu suka haƙa rami a lungun, tsakanin bango da katanga, daidai ƙarƙashin kusurwar barandarmu. Ba su yi nisa ba ƙasa ta fara tsattsafo da ruwa. Mijin nata ya kawo shawarar a zuba gishiri da gawayi, kamar yadda ya ga ana yi. Dattijon ya ce wannan sai a tsandauri, mu nan a bakin fadama muke, gishiri cinye sandar kawai zai yi. Aka buga ta da guduma, ta shige ba gardama. Ina tsaye ina kallo, haushi ya sake taso mini. Ƙasar ma a shirye take. Abin da aka hana mu ke nan, rami ɗaya da sanda ɗaya.

Aka zuro wayar daga sama aka kafe ta a jikin bango. Dattijon ya kankare fenti a ƙafar dish sai da ƙarfe ya fito fari, sannan ya ɗaure ta, ya yi wa shingen haka. Ya bi gidaje ukun soket bayan soket yana zura waya ta uku. Da ya gama ya haɗa risibar da maigidana ya sayo, ya kunna, ya gwada da mitarsa, ya sake gwadawa, sannan ya ce in cire takalmi in jiƙa hannu in dafa. Na dafa. Ƙarfe ne kawai mai sanyi.

Na shiga wajen Inna, na zauna ta gefen hagu, na ce an gyara, ta zo ta gani. Ta ce ta ji, Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri. Ba ta tashi ba.

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Kin faɗa ban yarda ba. Tsumman ma ni na kwance."

Ta ce, "Na sani. Ina kallonki ta taga."

Na jira ta ƙara wani abu. Can ta ce, "Na yafe miki. Amma in kaka ta yi, ki mai da ni gida."

Ba ta sake taka barandar ba. A bakin tagar falo ta riƙa ajiye faifanta. Da ruwa ya janye ƙannena suka tayar mata da ɗaki, na kai ta. Yanzu in na je sai na zagaya ta hagu in yi sallama, in ba haka ba sai ta ga inuwata ta firgita.

Tun daga lokacin ba na iya tafiya a titi ban ɗaga kai ba. Duk dish ɗin da na gani, a kan kwano ne ko a baranda, sai idona ya bi ƙafarsa yana neman waya. Da wuya in gani. Wanda ya sa mana yana nan yana sana'arsa, har ya faɗaɗa shagon. Na taɓa hango shi a saman wani sabon bene a hanyar kasuwa, yana juya faranti yana kiran na ciki su duba hoto. Na ƙwanƙwasa ƙofar gidan, matar gidan ta fito, na yi mata bayani. Ta saurare ni da ladabi, ta ce za ta gaya wa maigidan. Ban san ko ta gaya masa ba.

Mu muna nan a benen, don ban ga dalilin da zai sa in gyara gida in bar wa wani ba. Da aka yi wa mutanen hawan ƙasa canjin wurin aiki suka tashi, Alhaji ya kawo wani ya ga wuri. Ina saukowa zan tafi makaranta na ji muryarsa a lungu. Ya kai mutumin har gindin sandar, yana nuna masa wayar da ta hau bango.

"Ka ga wannan? Atin ne, jan ƙarfe zalla. Bincika duk garin nan ka ga bene nawa ne ke da shi. Ni ba na wasa da lafiyar mutane."

Mutumin yana gyaɗa kai. Na tsaya a matakalar ƙarshe, littattafan yara a hannuna, har suka fito. Na gaida baƙon, na ce tunda an nuna masa wayar, ya kamata ya ji yadda aka yi ta zo nan. Alhaji ya ce, "Malama, ai kin makara." Na ce na sani. Na ajiye littattafan a kan matakala, na ba mutumin labarin daga farko har ƙarshe, Alhaji yana tsaye yana juya makullin mota a yatsa. Ranar an daɗe da shiga aji kafin na isa, shugaban makaranta ya yi mini faɗa, na karɓa. Mutumin dai ya kama gidan. Alhaji kuwa tun ranar ba ya amsa gaisuwata, ni ma na daina ɓata ta.